Abin da Na Koya Daga Sheƙar Shamuwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Tun ina ƙarami nake jin ana cewa shamuwa ce ke kawo ruwa, in ta sauka a gari sai manomi ya share gonarsa, ya nemo iri. Na ji, na kuma yarda, amma ban taɓa tsayawa na dubi tsuntsuwar nan da kyau ba sai daminar da ta wuce. Dalili kuwa shi ne, malaminmu na ilimin halittu ya ba 'yan ajinmu aiki. Ya ce kowa ya zaɓi wani abu mai rai a cikin harabar makaranta, ya lura da shi har ƙarshen zangon karatu, ya riƙa rubuta abin da ya gani da idonsa, ban da abin da aka gaya masa. Waɗansu suka zaɓi ƙadangare, waɗansu suka shuka wake a gwangwani. Ni kuwa na zaɓi wata sheƙar shamuwa da ke kan tsamiyar nan ta bayan ɗakin cin abinci. Abin da na gani, da abin da Malam ya ƙara mini, su zan kawo muku a nan, da fatan wani zai gwada irin wannan aiki.

Yadda na shirya

Kayan aikina ba su da yawa: littafin rubutu guda da fensir. Ran Asabar kaɗai Malam yakan ara mini madubin hangen nesa na ɗakin kimiyya. Na yi sa'a ajinmu yana kan bene, kuma tagar ƙarshe tana kallon tsamiyar, har mutum yana iya hango cikin sheƙar daga sama. Sau uku nake zuwa wurin tagar nan kowace rana: da sassafe kafin aikin shara, da lokacin hutun tara, da kuma bayan la'asar in an tashi daga wasanni.

Malam ya kafa mini doka uku. Ta farko, kada in hau itacen ko da wasa, domin in iyaye suka firgita suka tashi, hankaka zai iya fasa ƙwai kafin su dawo. Ta biyu, in rubuta rana da lokaci da yanayin sama duk sa'ad da na duba. Ta uku, in ban ga kome ba, in rubuta cewa ban ga kome ba, kada in cika littafi da ƙarya. Wannan ta ukun ita ta fi ba ni wahala, domin sau da yawa nakan zauna rabin sa'a tsuntsuwar ba ta ko motsa ba.

Kamannin shamuwa

Daga nesa shamuwa baƙa ce mai farin ciki, shi ke nan. Amma ranar da na fara sa madubi sai na ga ashe ban san ta ba. Baƙin bayanta yana ƙyalli, in rana ta haska shi sai ka ga kamar kore-kore da ruwan shuni. Fatar fuskarta shuɗiya ce a lokacin kiwon 'ya'ya, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafunta dogaye ne masu ruwan toka, yatsunta ja, haka nan gaɓar nan ta tsakiya da muke kira gwiwa. Malam ya ce wannan gaɓa ba gwiwa ba ce, idon sawu ne, gwiwar gaskiya tana sama a ɓoye cikin gashi. Tsawon shamuwa kamar santimita 73 ne, nauyinta ya ɗara kilo ɗaya kaɗan, kuma ita ce ƙarama a cikin danginta duka. Namiji da mace kamarsu ɗaya, sai dai namijin ya ɗan fi girma. Na yi kwanaki kafin in iya rarrabe nawa biyun, shi ma don macen tana da wani gashi da ya karye a fiffikenta na hagu.

Masana suna kiranta Ciconia abdimii. Wani masani Bajamushe mai suna Lichtenstein shi ya sa mata wannan suna a shekara ta 1823, don tunawa da wani gwamnan Turkawa a arewacin Sudan mai suna Abdim.

Ginin sheƙa

Da muka dawo hutu a farkon watan Mayu, mun tarar shamuwa sun riga mu zuwa. Baba maigadi ya ce sun sauka tun ƙarshen Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, ko ɗigon ruwa bai sauka a Katsina ba. Sheƙa biyar na ƙirga a kan tsamiyar, ban da na balbela da ke can ƙasa-ƙasa. Shamuwa ba ta son zaman kaɗaici, kuma ba ta gudun mutane. A cikin gari take sheƙa, kan tsamiya ko kuka ko rimi, wani lokaci ma har kan rufin ɗaki.

Wadda na zaɓa tsohuwar sheƙa ce ta bara, suna gyara ta. Namijin ne ya fi yawan ɗauko ƙirare, ya kawo a baki, macen ta karɓa ta soka nan, ta zare, ta soka can, har sai ya zauna mata daidai. Da suka gama da ƙirare sai suka shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ganye a tsakiya. Faɗin sheƙar ya kai kamar mita guda. Na kuma ga abin dariya: in maƙwabta suka tafi kiwo suka bar sheƙarsu ba kowa, sai namijin nan nawa ya lallaɓa ya zare musu ƙirare ya kawo gida. Daga nan na gane abin da ya sa da wuya su biyun su tashi gaba ɗaya.

Duk sa'ad da ɗaya ya dawo, sai sun gaisa. Sukan sunkuyar da kai su ɗaga, su buɗe fukafukai kaɗan, su yi wani ɗan kuka siriri kamar fito, sa'an nan su kaɗa baki ƙwas-ƙwas-ƙwas. Da can ina tsammani shamuwa bebiya ce.

Kwanci

Wajen tsakiyar Mayu na ga macen ta kwanta ta ƙi tashi. Da ta miƙe don ta gyara zama, sai ga farin ƙwai guda, girmansa kamar na kaza. Bayan kwana biyu suka zama biyu, bayan waɗansu kwana biyu kuma suka zama uku. Daga nan ba ta ƙara ba. Malam ya ce biyu ko uku ta fi yi. Ya ce in lura da wani abu: kaza ba ta kwanci sai ta gama zuba ƙwanta, saboda haka 'yan tsakinta suke fitowa kusan rana ɗaya, amma shamuwa takan soma kwanci tun ba ta gama ba. Ya ce in riƙe wannan, zan ga abin da zai haifar.

Kwanci aikin su biyu ne. In ɗaya ya dawo daga kiwo, sai na kwancen ya miƙe, ya miƙar da ƙafa, ya tashi, wanda ya dawo ya jujjuya ƙwan da baki a hankali, sa'an nan ya kwanta. Da tsakar rana, lokacin da ko mu da ke cikin aji gumi ke karyo mana, sai in ga mai kwancin ya miƙe tsaye, ya juya wa rana baya, ya saki fukafukai ya yi wa ƙwan inuwa, bakinsa a buɗe yana haki. Na kuma lura ƙafafunsu sukan yi fari fat kamar an shafa farar ƙasa. Na tambayi Malam, ya yi dariya ya ce kashinsu ne suke yi a kan ƙafafun da gangan, in ya bushe sai ya sanyaya musu jini, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa in ta tsatsafo.

Wata rana da hantsi hankaki biyu suka zo. Ɗaya ya sauka a gaban macen yana tsokanarta don ta taso masa, ɗayan ya zagaya ta baya yana jira. Ta ƙi tashi, sai dai ta miƙa wuya ta kai sara. Suna cikin haka namijin ya dawo, suka watse. A nan na ga amfanin dokar Malam ta farko.

'Yan tsaki

A ƙidayata, kwana 30 bayan fara kwanci na fari ya ƙyanƙyashe, wajen tsakiyar Yuni. A lokacin an yi ruwan shuka, gero ya tsiro a gonakin bayan makaranta, ciyawa ta fito, fara da tsutsa da kwaɗi sun cika ko'ina. Na biyu ya fito bayan kwana biyu, na uku kuma ya biyo baya da kwana biyu. Jikinsu da ɗan gashi mai laushi ruwan toka, kai ya fi ƙarfin wuya, in sun ɗaga sai ya rinjaye su.

Shamuwa ba ta sa wa 'ya'yanta abinci a baki kamar yadda tattabara ke yi. Takan haɗiye abin da ta kamo a daji, in ta dawo ta amayo shi a tsakiyar sheƙa, kowa ya tsinta da kansa. Da madubi na ga mafi yawan abin da suke kawowa fara ce, sai tsutsa, da kwaɗi, wani lokaci ɗan ƙadangare. Ran da shinge ya tashi bayan ruwa kuwa, ranar salla ce gare su. In rana ta yi zafi har ruwa sukan ɗebo a maƙogwaro su zubo wa 'ya'yan. Makonni ukun farko ba a barin 'yan tsakin su kaɗai, kullum akwai mai tsaro. Da suka yi ƙwari, cikinsu ya buɗe, sai iyayen duka biyu suka shiga fita nema.

A nan ne maganar Malam ta fito fili. Kwana huɗu ne kawai tsakanin babban da autan, amma kafin mako biyu babban ya kusa ninka shi. In an zuba abinci, manyan biyu su rufe wurin da fukafukai, autan sai abin da ya fantsalo gefe. Tun ina rubuta wannan a matsayin aikin makaranta har abin ya zame mini damuwa. In na zo taga, shi nake fara nema.

Daren hadari

A makon farko na Yuli hadari ya taso daga gabas da dare, da iska mai ƙarfi, har ta yaye kwanon wani ɗakin kwana. Gari na wayewa na ruga gindin tsamiya. Sheƙa ɗaya daga cikin biyar ta zube gaba ɗaya. Tawa tana nan, amma autan yana ƙasa cikin laka, a jiƙe sharkaf, fiffike ɗaya ya karye, yana numfashi da ƙyar.

Na cire takalmi zan hau in mayar da shi, sai Baba maigadi ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Yaro, ina za ka?"

Na ce, "Baba, mayar da shi zan yi wurin uwarsa."

Ya ce, "In ka hau, waɗancan biyun za su firgita su faɗo, ka yi asarar uku maimakon ɗaya. Kai ma reshen nan a jiƙe yake. Ɗauke shi ka kai wa malaminku."

Muka sa shi a kwali a ɗakin kimiyya, muka shimfiɗa masa tsumma. Ni da abokaina biyu muka riƙa kamo masa fara. Ran farko ya ci kaɗan, ran na biyu ya ƙi ci, da safiyar rana ta uku muka tarar ya mutu. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye, har waɗansu suka yi mini dariya.

Malam ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce tsuntsayen da 'ya'yansu ke fitowa a jere haka suke. In shekara ta yi albarka, abinci ya wadata, duka sai su rayu. In abinci ya yi ƙaranci, ko wani hatsari ya faɗo, ƙaramin ne ke fara tafiya, manyan su tsira, maimakon a raba yunwa daidai kowa ya mutu. Ya ce in rubuta ranar da dalilin kamar yadda na rubuta sauran abubuwa. Na rubuta, amma hannuna yana rawa.

Tsamiya a cikin hatsari

Ba a yi mako biyu ba sai wata matsala ta taso, wadda ta fi hadari. Gaskiya ne gindin tsamiyar ya ƙazantu. Kashin tsuntsaye ya yi fari a ƙasa, ga ragowar kwaɗi, ga wari in an yi ruwa, ga ƙudaje, kuma duk wannan a bayan ɗakin da muke cin abinci. Aka kai kuka, aka yanke shawara a sassare rassan itacen. Ran da na ga an jingina tsani da gatari a gindinta, gabana ya faɗi, domin a lokacin 'yan tsakin duk sheƙun ba wanda ya iya tashi.

Na gaya wa Malam, ya ce shi ba zai yi magana a madadina ba, amma zai raka ni. Muka tafi ofishin shugaban makaranta, ni da abokaina biyu, littafina a hannu. Muka durƙusa muka gaishe shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma muka zo nema. A ɗaga saran tsamiyar nan har 'ya'yan shamuwa su tashi."

Ya ce, "Sai yaushe ke nan?"

Na buɗe littafi na nuna masa ranar da suka ƙyanƙyashe. Na ce ɗan shamuwa yakan yi kwana 50 zuwa 60 kafin ya tashi, saboda haka kafin ƙarshen Agusta duk sun bar sheƙa. Ya karɓi littafin ya yi ta juya shafi, ya daɗe bai ce kome ba.

Can ya ce, "To, ƙazantar fa? Lafiyar ɗalibai tana wuyana. Wa zai share?"

Muka ce, "Mu ne, ranka ya daɗe."

Ya yarda, bisa sharaɗin in ya zo ya tarar da wurin da datti ko sau ɗaya, alkawari ya warware. Tun daga ranar, kowace safiya mukan share gindin tsamiya, mu kwashe, mu zuba toka daga kicin da yashi. Daga mu uku muka zama mu goma sha ɗaya, har da wani ɗan aji ɗaya da na taɓa kamawa da danƙo a wurin. Abin da na lura da shi shi ne, ba roƙonmu ya ceci sheƙun nan ba, littafin ne. Da na je da baki kawai na ce ina tausayin tsuntsu, da wataƙila an sallame ni. Amma da aka ga rana da lissafi, sai aka saurara.

Tashi

Wajen ƙarshen Yuli 'yan tsakin biyu sun yi gashi sosai, sun kusa kai iyayensu girma, sai dai launinsu ya dushe, ba ƙyalli, fuskarsu kuma ba shuɗi. Sukan tsaya a bakin sheƙa su fuskanci iska, su yi ta kaɗa fukafukai, su yi tsalle su dawo. Aka yi jarrabawa aka ba da hutu ba su tashi ba. Da yake gidanmu a cikin birni yake, wajen Ƙofar Marusa, sai na roƙi izini na riƙa zuwa a keke ina shara ina dubawa, ranar da ban zo ba Baba maigadi ya duba mini.

Babban ya tashi yana da kwana 54. Ba wani tashin kirki ba ne, daga sheƙa zuwa rufin ɗakin cin abinci, ya sauka yana tangaɗi kamar zai kifa. Ƙanensa ya bi shi bayan kwana uku. Kusan mako biyu suna dawowa sheƙa da yamma iyayen na ba su abinci, sa'an nan suka fara bin manya zuwa filin ƙwallo da gonaki, suna tafiya a hankali cikin ciyawa suna tsintar fara da kansu.

Da muka dawo a watan Satumba, sai na ga shamuwa suna taruwa da yawa, da hantsi su yi ta kewaya a sama ba tare da kaɗa fiffike ba, iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa tana ɗaga su har su zama kamar ɗigo. A cikin watan Oktoba, ana girbin gero, wata safiya na zo taga na tarar tsamiya ba kowa.

Shin ita ke kawo ruwa?

Amsar da na samu ita ce, shamuwa ba ta kawo ruwa, bin sa take yi. Mun koya a darasin labarin ƙasa cewa iska biyu ke mulkin ƙasarmu: busasshiya mai zuwa daga hamada ta arewa maso gabas, da mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu yakan matso arewa a hankali daga farkon shekara, damina na biye da shi, har ta iso Katsina wajen Mayu ko Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta janye a ƙarshen Satumba. Shamuwa takan riga ruwa isowa da 'yan makonni, ta yi gini, ta yi kwanci, don 'ya'yanta su fito daidai lokacin da fara ta yi yawa. Ashe kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka ɗauke ta alamar damina. Sun lura ne shekara da shekaru.

In ruwa ya ɗauke a nan, sai ta tsallaka kudu da tsakiyar duniya, inda damina ke farawa a lokacin da tamu ke ƙarewa. Waɗansu masu bincike daga ƙasar Denmark sun ɗaura wa shamuwa 'yan na'urori a Jamhuriyar Nijar, suka bi tafiyarsu ta tauraron ɗan'adam, suka buga sakamakon a shekara ta 2006. Sun tarar tsuntsayen sun tafi har Tanzaniya, tafiyar fiye da kilomita 3,000, akwai ma wadda ta zarce Zimbabuwe. Sun kuma nuna yawan farar da shamuwa ke ci a gonakin kudu maso gabashin Nijar, irin farar nan mai ɓata gero. Watau dattawan da ke hana yara jifar shamuwa, amfanin gona suke karewa.

Darasi daga wata ƙasa

Da na kai wa Malam littafina, sai ya ba ni labarin wani tsuntsu dangin shaho, wanda kusan ba ya cin kome sai kifi, Turawa na kiransa osfire. Yakan yi shawagi bisa ruwa, in ya hango kifi ya faɗo da ƙafafu a gaba ya cafke shi. Tafiyarsa kishiyar ta shamuwa ce. A Turai yake sheƙa, sa'an nan ya zo Afirka ta Yamma cin rani, ƙasashen Senegal da Gambiya, waɗansu har manyan ruwayen Nijeriya. Lokacin da shamuwa ke barinmu shi yake isowa, lokacin da take shirin dawowa shi kuma ya kama hanyar arewa. Macensa ce ke yawancin kwanci, na kusan kwana 37, namiji na kawo mata kifi, 'ya'yan kuma su tashi bayan mako bakwai zuwa takwas.

A ƙasar Sikotlan, arewacin Birtaniya, maharba da masu tara ƙwai don ado suka dame shi har ya daina sheƙa a can wajen shekara ta 1916. Sai a 1954 waɗansu biyu suka dawo suka yi sheƙa kusa da wani tafki mai suna Loch Garten. Ɓarayin ƙwai ba su bar su ba, har sai da mutane suka shiga gadin itacen dare da rana, suna karɓa-karɓa. A 1959 aka buɗe wurin don jama'a su zo su hango sheƙar daga nesa, mutum wajen 14,000 suka zo a wannan shekara kaɗai. Yanzu sheƙun wannan tsuntsu a Sikotlan sun wuce 200.

Da na ji wannan sai na yi tunani. Su sai da suka rasa nasu suka san darajarsa, har mutum ya yi doguwar tafiya ya bi layi don ya hangi sheƙa guda. Mu kuwa ga tamu a bayan ɗakin cin abinci, muna wucewa ba ma ko ɗaga kai. Kakana ya gaya mini cewa da yana yaro, unguwa-unguwa a birnin Katsina akwai manyan itatuwa da shamuwa ke sauka, yawancinsu yau an sare an yi gini ko an ƙone a murhu. Bedin da muke shukawa yana da amfani, amma tsohuwar tsamiya ko kuka ba a shekara goma ake samunta ba.

Kammalawa

Ga shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai. In Allah ya kai mu bazara, kowa ya nemi sheƙa guda kusa da shi, ko ta shamuwa, ko ta balbela, ko ta kurciya. Ya tsaya daga nesa, kada ya hau, kada ya taɓa. Ya riƙa zuwa a kan lokaci, ya rubuta rana da abin da ya gani, ko da abin bai yi masa daɗi ba. Ya ajiye danƙo, ya kuma hana ƙannensa. Sannu ba ta hana zuwa, kafin damina ta ƙare zai san abin da ba a gaya masa a aji ba.

Ga iyayenmu kuma, muna roƙo da ladabi, in ya zama dole a sare reshe ko a rage itacen da tsuntsaye ke sheƙa a kai, a dakata har kaka. Wata biyu ko uku ne kawai, kuma tsuntsuwar ta biya kuɗin hayarta da farar da ta cinye a gona.

Shugaban makarantarmu ya cika alkawari. Bayan shamuwa sun tafi an sare reshe ɗaya da ya rufe kwanon ɗakin cin abinci, aka bar sauran, sheƙu huɗu suna nan yadda suke. Na sayi sabon littafi na ja masa layi. Daga ƙarshen Afrilu zan koma bakin taga in ga ko mai karyayyen gashin nan za ta dawo, ko da yake Malam ya ce kafin nan ta sake gashi, sai in nemi wata alamar da zan gane ta da ita. Wanda duk yake so ya taya ni, ya same ni a ajinmu na kan bene, tagar ƙarshe. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.